Bango, yashi, tudu ko ja da baya: wanne ya dace da bakin tekunku?

Duk wanda aka ɗora wa alhakin gyara wani yanki na bakin teku domin jama'a, ko ɗan majalisar gari ne, ko injiniya, ko wakilin masunta a kwamiti, zai tarar ana jan rigarsa ta ko'ina. Masu gidaje da shaguna suna so a tare musu ruwa. Masu zuwa shan iska da masu kwale-kwale suna son hanya a buɗe har bakin ruwa. Ga kuma waɗanda ba su da bakin magana a taro: kunkurun teku da ke hawowa da dare ta haƙa rami ta yi ƙwai, tsuntsayen da ke ajiye ƙwansu a kan yashi tsirara, da ciyawar da saiwarta ke riƙe da tudu. Kuɗin da ke hannu kuwa da wuya su ishi aiki biyu.

Hanyoyi huɗu aka fi bi: a gina bangon kankare da titin yawo a kansa, a kawo yashi a zuba, a raya tuddan yashi a ɗora gadojin katako a kansu, ko a janye gine-gine baya a bar wa teku fili. Kafin a auna su, akwai abu ɗaya da ya kamata kowa a kwamiti ya yarda da shi: yashin bakin teku matafiyi ne. Igiyar ruwa tana zuwa a karkace, tana tura shi gefe ɗaya tsawon gaɓa. Guguwa tana kwashe shi ta kai cikin ruwa, in an samu kwanakin lafiya ya dawo a hankali. Ruwan teku kansa ya ƙaru da kusan santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma saurin hawan yana ƙaruwa. Duk tsarin da aka zana kamar gaɓar za ta tsaya inda aka same ta, an gina shi a kan kuskure tun daga takarda.

Ma'aunan da za a duba

Na farko kuɗi, kuma kuɗi iri biyu ne: na ranar gini da na kulawa shekara bayan shekara. Na biyun ne ke kayar da yawancin ayyuka, domin ana samun mai ba da kuɗin buɗe aiki, ba a cika samun mai biyan gyara ba. Sai ƙarko: shekara nawa abin zai yi, kuma in ya lalace, da kansa yake farfaɗowa ko sai an kira ɗan kwangila? Sai sauƙin aiki, wato injuna, ƙwararru da izinin da ake buƙata. Sai haɗari, musamman wanda za a tura wa maƙwabta ba tare da sun sani ba.

Biyun ƙarshe su ne dalilin aikin tun farko. Me zai faru da halittun wurin? Kuma wa zai iya kai wa bakin ruwa: tsoho mai sanda, mai keken guragu, uwa da goyo, masunci da zai jawo kwale-kwale sama da inda ruwa ke kai wa? In tsari ya ci ma'auni huɗu na farko ya faɗi a waɗannan biyun, an kare kadara ne kawai, bakin tekun ya tafi.

Akwai awon da ya kamata a yi kafin kowace muhawara: mita nawa gaɓar ke ja da baya a shekara? Tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam suna nuna wannan, tsofaffin masunta ma suna iya nuna inda ruwa yake tsayawa lokacin ƙuruciyarsu. Jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta gina dokarta a kan wannan lissafi: ƙaramin gini sai ya ja baya ninki 30 na abin da teku ke ci a shekara. In mita ɗaya yake ci, mita 30 ke nan.

Bangon kankare da titin yawo

Wannan ne ke fara zuwa ran mutane, kuma ban ga laifinsu ba. Ana ganinsa, ana taɓa shi, ana iya jera fitilu da kujeru a kai, mai keken guragu ya yi tafiyarsa a shimfiɗe. Birnin Galveston a Amurka ya fara gina nasa a 1902, bayan guguwar 1900 da ta kashe dubban mutane. Tsayinsa ya kai mita biyar, kuma ya tsare garin a guguwowi da dama bayan nan. Bango mai kyau akan tsara shi da niyyar ya kai shekara 50 ko fiye.

Matsalar tana gabansa. Ku tsaya a gindin irin wannan bango lokacin da teku ya cika. Igiya ta daki kankare, ba ta da inda za ta baje ƙarfinta kamar yadda take yi a gangaren yashi, sai ta dawo da baya tana rarake gindi. Ko da ba ta rarake ba, gaɓar da ke ja da baya ta iske abin da ba ya motsi, sai yashin ya matse tsakanin ruwa da bango har ya ƙare. Matakalar da aka gina don a sauka kan yashi sai ta zama tana sauka cikin ruwa. A tsibirin Oahu na Hawai, bincike ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gaɓar yashi ta tsuke ko ta ɓace a wuraren da aka kafa irin waɗannan katangu. Galveston ma sai da aka riƙa kawo yashi ana zubawa a gaban bangon.

Inda bangon ya ƙare kuma, nan zaizaya ke tsananta. Maƙwabci ya ga filinsa na tafiya, shi ma ya nemi bango, na gaba da shi ma haka. Gudun gara, an faɗa gidan zago. Shingayen duwatsu da ake miƙawa cikin ruwa don tare yashi su ma haka suke: gefe ɗaya ya cika, ɗaya gefen ya rame. Wannan ne ya sa Karolina ta Arewa ta hana irin waɗannan gine-gine a gaɓarta tun 1985, ko da yake daga baya an yi 'yan sassauci.

Kuɗin farko shi ne mafi yawa a kan kowace mita. Gishiri yana shiga ta tsagar kankare ya ci rodin da ke ciki, tsatsa ta kumbura ta fasa shi, don haka gyaran ma ba ƙarami ba ne. Ga halittu kuwa, kunkuru ba ta da busasshen yashin da za ta haƙa, iska ba ta da inda za ta tara tudu. Bayan bala'in tsunami na 2011, Japan ta gina bangaye na kusan kilomita 400 a gaɓar arewa maso gabas, wasu sun haura mita goma, kuma ƙorafin da ya yi ta fitowa daga garuruwan masunta shi ne sun daina ganin teku daga gidajensu. Ga mutumin da ke karanta yanayin ruwa da ido kafin ya fita, wannan ba ƙaramin rashi ba ne.

Zuba yashi

A nan jirgin yasa ne ke tsotso yashi daga ƙasan teku, ya turo shi ta bututu zuwa gaɓa, katafila ta baje. Cikin 'yan watanni fili ya faɗaɗa, kowa ya samu wurin zama, igiya ta samu gangaren da za ta mutu a kai. Miami Beach ta Amurka ta samu faffaɗan yashinta na yanzu ta wannan hanya tsakanin 1976 da 1981. Kuma abin da ya tsere daga nan maƙwabta ne ke cin moriyarsa, saɓanin bango.

Sai dai wanda ya zaɓi wannan ya ɗaura wa kansa biya na har abada. Abin da ya kwashe yashin farko yana nan, zai kwashe na biyu. Bayan 'yan shekaru sai a sake, wani lokaci guguwa ɗaya ta tafi da rabin aikin a dare guda. Barsalona, wadda ta gyara gaɓarta don wasannin Olamfik na 1992, ta sha ganin haka, har da guguwar da aka kira Gloria a Janairun 2020. Ƙasar Holan ta mayar da zuba yashi tsarin ƙasa tun 1990, da kasafinsa a kowace shekara. A 2011 ta gwada wata dabara kudu da birnin Heg: aka jibge yashi mita kubik miliyan 21.5 a wuri guda, a kan kuɗi kusan yuro miliyan 70, aka bar iska da igiya su rarraba shi tsawon gaɓa cikin kusan shekara 20. Hikimar ita ce a dami halittun ƙasan ruwa sau ɗaya maimakon a riƙa binne su kowane ɗan lokaci.

Irin yashin ma magana ce. In ya fi na wurin laushi, ruwa ya ɗauke shi da wuri, ya kuma gurɓata ruwan ya lulluɓe murjani da ciyawar ƙasan teku. In ya fi duhu, ya fi ɗaukar zafi, kuma zafin yashi ne ke yanke ko 'ya'yan kunkuru za su fito maza ko mata: sama da kusan digiri 29, mata ke rinjaye. In katafila ta daddanne shi, uwar ta kasa haƙa. Don haka ba a yin wannan aiki a lokacin ƙwai, kuma ba a sayen yashi don arha. Araha ba ta ado.

Tuddan yashi da gadojin katako

A nan zuciyata ta fi karkata, kuma zan faɗi dalili. Tudun yashi rumbu ne. Guguwa ta zo ta ɗebi yashi daga gabansa, ta shimfiɗa shi cikin ruwa mara zurfi inda zai karya igiyoyin da ke biye. In ruwa ya kwanta, yashin ya dawo gaɓa, ya bushe, iska ta ɗauke shi, ciyawa ta tare shi, tudu ya sake tashi. Shi kaɗai ne a cikin huɗun ke ɗinke ɓarakarsa da kansa. Lokacin guguwar Sandy a Oktoban 2012, garuruwan gaɓar jihar Niyu Jasi ta Amurka da ke bayan manyan tuddai sun fi waɗanda ba su da su tsira da gidajensu.

Aikin ba ya buƙatar manyan injuna. Ana kafa shingen sanduna ko na siraran katako mai ramuka, wanda ke rage gudun iska har yashi ya zube a gindinsa. Ana dasa ciyawar da asalinta ta wurin ce, irin wadda ke ƙara tsiro in yashi ya binne ta. A ƙasashe masu sanyi doguwar ciyawa ce mai kaifin ganye, a masu zafi kuma akwai wata mai yaɗo da fure ja-ja mai kama da na dankali. Ɗaliban makaranta da 'yan sa-kai suna iya yin dashen. Kuɗin farko shi ne mafi ƙanƙanta, da nisa.

Maƙiyin tudu ƙafar mutum ce. Mutum ɗaya ya yanke hanya ta cikin ciyawa, goma suka bi sawunsa, ciyawar ta mutu a siririn layi. Iska ta samu ƙofa, ta riƙa zuƙe yashi ta nan har layin ya zama kwari, ranar guguwa kuma ruwa ta nan zai shigo gari. Allon gargaɗi ba ya hana wannan. Abin da ke hanawa shi ne a ba mutane hanyar da ta fi yankewa daɗi: gadar katako a kan ƙafafu, ɗage sama yadda haske zai kai ga ciyawa yashi kuma ya wuce ta ƙasa, a kafa ta daidai inda mutane suka saba bi. In an yi gadojin nesa da juna, za a tsallake shinge a yanke ta cikin ciyawa. Dokar gaɓa ta Sifaniya ta 1988 ta ce a cikin gari kada tazarar hanyoyin ƙafa zuwa teku ta wuce mita 200, na mota kuma mita 500, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ko a inda ba doka ba ne. Aƙalla gada ɗaya ta zama gangare mara matakala, kada hawanta ya wuce mita ɗaya a cikin kowace mita 12, a ƙarasa da tabarmar roba mai tauri da ake shimfiɗawa a kan yashi har kusa da ruwa. Ƙusoshi da notuna su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, in ba haka ba gishiri zai cinye su tun katakon bai tsufa ba.

Masunta ba za su ɗaga kwale-kwale su hau gada ba. A zauna da su tun kafin zane, a bar musu mashiga mai faɗi, a karkata bakinta daga inda iska ta fi kaɗawa, a ware wurin shanya koma da ajiye kaya. Tsarin da ya mance da su, su ne za su fara karya shingensa, kuma da gaskiyarsu.

Abu biyu ƙanana da ke da babban tasiri. Fitila: 'ya'yan kunkuru suna fasa ƙwai da dare su nufi inda sararin ya fi haske, wanda a da can teku ne. Farar fitila a bayansu sai ta juyar da su zuwa titi. A jihar Fulorida ta Amurka ana amfani da fitilu gajeru, masu rufi ta gefen teku, masu haske ja ko ruwan zuma. Sai shara: ganyen teku da ruwa ke turowa abincin ƙananan halittu ne, su kuma abincin tsuntsaye, kuma a gindinsa sabon tudu ke fara taruwa. A tsince robobi da hannu, a bar ganyen, a keɓe sharar tarakta ga ɗan yankin da aka fi cunkoso.

Iyakar wannan hanya fili ne da lokaci. Tudu yana son faɗi na gomman mitoci da shekaru kafin ya yi ƙarfi, kuma inda yashi ya daina zuwa saboda an tare shi da madatsar ruwa ko tashar jiragen ruwa, shinge ba shi da abin kamawa. Masu gidajen layin farko kuma za su yi ƙorafin an tare musu kallo.

Ja da baya

Wannan ya fi kowanne wuyar faɗa a taro, amma yakan fi kowanne daɗewa. Ana ɗauke titi, filin ajiye motoci ko gini, a mayar da su ciki. A Ventura ta Kalifoniya an janye hanyar kekuna da filin motoci da teku ke ci, aka mayar da wurin duwatsu da tudun yashi, kashin farko ya kammala a 2011. A Medmerry da ke kudancin Ingila, inda a da ake ta tura tsakuwa da katafila kowane hunturu, an gina sabuwar ganuwar ƙasa mai tsawon kilomita bakwai can ciki, aka fasa tsohuwar a 2013, a kan fam miliyan 28. Gidaje sama da 300 suka samu kariya, wurin da ruwa ya shiga ya zama fadamar gishiri cike da tsuntsaye, da hanyoyin ƙafa a kan ganuwar. A 1999 ma an ɗaga hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Cape Hatteras da ke Karolina ta Arewa ɗungurungum aka matsar da ita kusan mita 880.

Inda filin na hukuma ne, kuɗin ba su da yawa. Inda gidajen mutane ne, diyya ce ke cin kuɗi da shekaru. Wani bene mai gidaje 78 a Soulac-sur-Mer ta Faransa, wanda aka gina a 1967 kusan mita 200 daga ruwa, an kwashe mazaunansa a 2014, suka yi shekaru suna neman diyya, ba a rushe shi ba sai 2023. Ba a fafe gora ranar tafiya: mafi arhar ja da baya shi ne wanda aka yi a takarda kafin a aza tubali. Dokar Faransa ta 1986 ta hana gini cikin mita 100 daga gaɓa a wajen gari, wata ta 1976 kuma ta ba masu tafiya a ƙafa mita uku ko a gefen filin mai zaman kansa. Babban haɗarin a nan rashin adalci ne, wato a tashi talakawa da sunan kare muhalli, bayan shekara biyar a ga otal a wurin. Duk filin da aka bari, a rubuta shi a doka cewa na jama'a ne.

| Ma'auni | Bango | Zuba yashi | Tudu da gada | Ja da baya |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farko | Mai yawa sosai | Mai yawa | Kaɗan | Ya danganta da diyya |
| Kuɗin kulawa | Jefi-jefi, amma mai nauyi | Kullum, ba ƙarshe | Kaɗan, a kai a kai | Kaɗan |
| Ƙarko | Gomman shekaru | 'Yan shekaru | Yana farfaɗowa in akwai yashi | Mafi daɗewa |
| Sauƙin aiki | Injiniyoyi da manyan injuna | Jirgin yasa da izini | Hannu da haƙuri | Sulhu da shari'a |
| Babban haɗari | Yashi ya ƙare, maƙwabci ya zaizaye | Kasafi ya yanke | Tattaki, ƙarancin fili | Korar marasa ƙarfi |
| Halittu | Asara babba | Asara ta ɗan lokaci, a maimaice | Riba | Riba babba |
| Hanyar jama'a | Titi mai kyau, yashi na raguwa | A buɗe | A buɗe ta ƙofofi | A buɗe in doka ta tsare |

Wanne ga wa

In abin da ke bayan gaɓar ba ya ɗaguwa, kamar tsakiyar tsohon birni, tashar jiragen ruwa ko babban asibiti, bango ne. A taƙaita tsawonsa, a yi shi a gangare ko hawa-hawa maimakon a miƙe, a sa kuɗin zuba yashi a gabansa cikin kasafi tun ranar farko, a kuma gaya wa maƙwabtan da ke ƙarshensa abin da ke tafe.

In garin yana rayuwa ne da baƙi masu zuwa bakin teku, kuma yana da harajin da zai iya ɗaukar nauyin maimaitawa, da yashi mai dacewa a kusa, zuba yashi zai biya kansa. A dasa tudu a bayansa don abin da iska ta ɗauka kada ya ƙare a kan titi.

In akwai fili, kuɗi kaɗan ne, mutane kuma a shirye suke su sa hannu, ko in wurin kunkuru da tsuntsaye ne, tudu da gadoji ne zaɓi. Haka ma ƙauyen masunta da zaizayarsa ba ta yi tsanani ba, muddin an bar musu mashigarsu.

In titi ne, ko filin motoci, ko rumfuna da makewayi ke gaban ruwa, ko kuma awo ya nuna teku yana cin fiye da abin da za a iya mayarwa, a ja da baya tun ana da zaɓin inda za a koma. Wanda kuma gaɓarsa ba a riga an gina ta ba, ya shata layin hana gini yanzu, ya rubuta hanyoyin shiga a taswira da tazararsu, rumfuna da makewayi kuma ya yi su irin waɗanda ake kwancewa a ɗauke kafin lokacin guguwa.